Takardar manoman rani a makon kasafin 2018

A ƙarshen shekarar 2017 ni ne magatakardan ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, wanda yake bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, tsakanin Sinnar da Sinja, ba nisa da garin Mai Wurno. Ba don na fi kowa sanin noma aka ɗora mini wannan aiki ba, sai don ina koyarwa a makarantar firamare, kuma hannuna ya faɗa da rubuta Larabcin ofis. Damuwarmu a wancan lokaci ɗaya ce, wato man dizal. Albasa da tumatir da ayaba da lemon da muke nomawa duk da injin ban-ruwa suke sha, wanda a nan Sudan ake kira babur, kuma kaso mafi tsoka na abin da manomi ya samu a cikin tankin injin nan yake ƙarewa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne manyan wayoyin wutar da ke fitowa daga madatsar Rusairis zuwa Khartum ta yankinmu suke bi, har mutum yana iya hango turakunsu yana tsaye a gonarsa yana zuba mai.

Mun riga mun je wani ofishi a jiha, an karɓe mu da mutunci, aka ce aikin jawo wuta zuwa gonaki ya fi ƙarfin aljihun jiha, sai dai idan tarayya ta saka shi a kasafinta. Saboda haka wata rana bayan la'asar aka zauna a ƙofar masallaci aka yanke shawarar a kai kuka Majalisar Ƙasa, wadda a lokacin take zama a Umdurman, tun da an ji a rediyo cewa kasafin sabuwar shekara yana gab da isa gabanta. Aka zaɓi mutum uku: Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ne shugaban ƙungiya, da wani saurayi da ya karanci aikin lantarki, da ni mai riƙe da alƙalami.

Na yi mako guda ina haɗa takarda. Na rubuta shafi biyar, na fara da yabon gwamnati kamar yadda aka saba, na kawo tarihin ƙauyen tun zuwan kakanninmu daga Yamma bayan yaƙin Burmi na 1903, sannan na gangaro kan tsadar mai. Manoma suka sa hannu, waɗanda ba su rubutu suka dangwala yatsa, shehin gari ya buga hatiminsa. Saurayin nan kuwa ya je wajen wani ɗan kasuwa a Sinnar ya karɓo takardar farashin taransifoma da waya da turaku, wadda ɗan kasuwar ya rubuta a ƙasanta cewa farashin na kwanaki ƙalilan ne. Na ga wannan layi, ban kuma ba shi muhimmanci ba.

Muka hau bas ta Madani, muka sauka a babbar tashar Khartum da yamma, muka wuce unguwar Mayo gidan wani ɗan uwa. Washegari muka sami ɗan majalisar mazaɓarmu a gidansa. Ya ba mu shayi, ya karanta shafi biyar ɗin nan har ƙarshe, abin da na yaba masa a kai, sannan ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, buƙatarku gaskiya ce, amma kun makara da wata huɗu ko biyar." Ya bayyana mana cewa kasafi ba a zauren majalisa ake haɗa shi ba. Tun watanni kafin ƙarshen shekara ma'aikatar kuɗi take aika wa ma'aikatu da hukumomi takardar umarni su kawo ƙiyasinsu, a zauna da kowace a yi ciniki a rage, majalisar ministoci ta amince, sannan a ɗauko shi a kawo wa 'yan majalisa a cikin Disamba, domin shekarar kuɗi a Sudan ranar 1 ga Janairu take farawa. Duk aikin da bai shiga ta ƙofar wata ma'aikata tun farko ba, da wuya ya sami gurbi a makon ƙarshe. Kawu ya yi shiru, ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, tun ran gini tun ran zane." Duk da haka ɗan majalisar ya ce tun da mun zo kada mu koma hannu rabbana, zai sama mana izinin shiga, mu ga yadda abin yake da idonmu, ya kuma haɗa mu da kwamitin da ya dace.

Izinin shiga ya ɗauke mu safiya guda: aka karɓi katin shaidarmu mai lambar ɗan ƙasa, aka rubuta sunan wanda ya gayyace mu, aka caje mu, aka nuna mana matakalar da ke kai wa benen baƙi da 'yan jarida. Ginin majalisar yana kusa da inda Farin Nilu da Shuɗi suke haɗuwa, mutanen Romaniya ne suka gina shi a zamanin shugaba Numairi, kuma daga sama zauren yana kama da ƙwarya da aka ajiye bakinta sama. Kakakin majalisa a lokacin shi ne Ibrahim Ahmad Umar, ministan kuɗi kuwa Muhammad Usman Rikabi, wanda ya tsaya ya karanta jawabin kasafi. Wata biyu kacal kafin nan, a Oktoba 2017, Amurka ta ɗage takunkumin tattalin arzikin da ta ƙaƙaba wa Sudan shekara 20, don haka mutane da yawa, har da mu, suna zaton shekarar sauƙi ce ke tafe. Na riƙa rubuta alƙaluma a littafina har hannuna ya gaji, ina jiran in ji kalmar noma ko lantarki, kuma duk sa'ad da aka ambace su sai in taɓa Kawu, shi kuma ya gyaɗa kai ko da bai kama Larabcin duka ba.

Bayan jawabin aka raba 'yan majalisa zuwa sassa, kowane sashe ya ɗauki ɓangarensa ya tafi ɗakin kwamiti. A nan ne ɗan majalisarmu ya miƙa mu ga wani ma'aikacin kwamiti, dattijo mai furfura wanda ya ga kasafi ya fi ashirin sun wuce ta teburinsa, kuma abin da ya koya mini a cikin sa'a guda ya fi duk abin da na ji a zaure amfani. Ya buɗe littafin kasafin ya ce in bi shi da yatsa. Na farko albashin ma'aikata, wanda kowa a Sudan ya sani da sunan fasali na ɗaya, ba a taɓa shi domin taɓa shi tashin hankali ne. Sai kuɗin tafiyar da ma'aikatu, sai tallafin kayan masarufi, sai biyan bashi, sai kason jihohi, wanda yake da tasa dokar ta rabon arziki. Ayyukan raya ƙasa su ne a ƙarshe, kuma su ne ake fara yankewa idan kuɗin shiga bai cika ba a tsakiyar shekara. Ya ce, "Ustaz, ka bambance abu biyu, ka huta. Akwai band, akwai tausiya." Band shi ne layi mai suna da lamba da adadin kuɗi a gabansa, wanda idan an zartar ya zama doka. Tausiya kuwa shawara ce da kwamiti ke rubutawa a ƙarshen rahotonsa, a karanta ta a zaure, a amince da ita, amma babu ko sisi a gabanta. Ya ƙara da cewa ɗan majalisa yana iya roƙon a ƙara wa wani layi kuɗi, sai dai nan take za a tambaye shi daga wane layi za a cire, kuma kowane layi yana da mai shi a zaune a ɗakin.

Sannan ya ɗauki takardata ya ce in mayar da ita shafi ɗaya. Ya ce in cire yabo, in cire tarihi, in bar abu huɗu: yawan faddan (ma'aunin gona, kusan eka guda) da za a shayar, tsawon layin da za a ja daga tashar wuta mafi kusa, kuɗin da aikin zai ci, da kason da manoma suka yarda su biya da kansu. Cire tarihin ya yi mini zafi, domin da shi nake so in nuna cewa mu ba baƙi ba ne a bakin kogin nan, kuma duk Bahaushen Sudan ya san dalilin da ya sa mutum yake jin sai ya faɗi haka kafin ya nemi haƙƙinsa. Amma dattijon ya yi gaskiya, mai karanta takarda ɗari a rana lamba yake nema. Da dare muka zauna a Mayo da saurayin nan muka sake lissafi a hasken wayar hannu, da safe na kai shagon kwamfuta aka buga, aka yi kwafi goma, aka shigar da ɗaya a rajistar kwamiti, aka ba ni lambar shigarwa a 'yar guntuwar takarda.

Kwanakin da suka biyo baya mun yi su ne a benen baƙi, muna sauraron muhawara a kan manufofin kasafin gaba ɗaya, kafin a shiga bin sa dalla-dalla. Jam'iyya mai mulki ta samu kujeru 323 cikin 426 a zaɓen 2015, saboda haka babu wanda ke shakkar yadda ƙuri'a za ta kaya, amma wannan bai hana zauren yin zafi ba. Wasu suka tashi suka ce abin da aka ware wa tsaro da manyan ofisoshin gwamnati ya danne na lafiya da ilimi da noma. Wasu suka amsa cewa ƙasar da ta rasa kashi uku cikin huɗu na man feturinta ranar da Kudu ta ɓalle a Yuli 2011, ga kuma rikici a Darfur da Kudancin Kordofan da jihar Shuɗin Nilu, ba ta da zaɓi mai yawa. Kowane ɗan majalisa kuma yana da hanyarsa ko asibitinsa ko rijiyarsa da yake so a ji ya ambata, domin a gida ana saurare.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar ayyukan haɗin gwiwa da maƙwabta, domin a nan ne na ga yadda babban aiki yake shiga gaban ƙarami ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba. Masu magana daga gabas suna kawo tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, da cewa Habasha da Chadi da Sudan ta Kudu duk ba su da teku, kuma ƙasar da ta gyara tasharta da dogonta ita za ta ci kuɗin kayansu. Mutanen arewa suna kawo hanyoyin mota zuwa Masar, tun da an buɗe mashigar Ashkit a 2014. Mutanen yamma suna tuna wa zaure cewa dogo ya tsaya a Niyala tun 1959, kuma an daɗe ana maganar miƙa shi zuwa Chadi. Da na fassara wa Kawu wannan sai ya yi murmushi ya ce ai hanyar da ake zanawa ita ce wadda kakanninmu suka tako da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, suna nufin Sawakin su tsallaka zuwa Makka. Irin waɗannan ayyuka, kamar yadda dattijon kwamiti ya fahimtar da ni, yawanci da rancen waje ake yin su. Ƙarin mita 10 da aka yi wa madatsar Rusairis, wanda aka buɗe a Janairu 2013, asusun ƙasashen Larabawa da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ne suka ba da mafi yawan kuɗinsa, kuma majalisar ta sha muhawara a shekarun baya a kan ko larura ta halatta karɓar rance mai ruwa. Amma kowane rance yana zuwa da sharaɗin gwamnati ta zuba nata kason na cikin gida, ta kuma biya abin da ake bin ta a kan lokaci, in ba haka ba mai ba da rance ya rufe famfo. Saboda haka ɗan abin da ya rage wa raya ƙasa wajen cika waɗannan alkawura yake fara tafiya, layin wuta na ƙauye kuwa, wanda babu wata yarjejeniya da ta ɗaure shi, sai ya jira.

Ba na cikin masu cewa manyan ayyukan ɓarnar kuɗi ne. Wutar da muke roƙo daga irinsu take fitowa: daga madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, daga madatsar Atbara ta Sama da Sitit da aka buɗe a farkon 2017, da kuma layin da ya shigo daga Habasha ta Matamma zuwa Gadarif. Abin da na lura da shi kawai shi ne kowa a zauren yana da bakin magana a kan inda wuta za ta fito, amma kilomitocin ƙarshe da ke tsakanin babban layi da bakin injin manomi ba su da uba. Tarayya tana ganin aikin jiha ne, jiha tana ganin ya fi ƙarfinta.

Madatsar Habasha ta Nahda ma ta shigo muhawara, ba kuma za a yi mamaki ba, domin a Khartum ɗin nan ne shugabannin Sudan da Masar da Habasha suka sa hannu a kan yarjejeniyar manufofi a Maris 2015. An fara gina ta a 2011 a kan Shuɗin Nilu, kusa da iyakarmu, an tsara ta riƙe ruwa kubik mita biliyan 74. Masu goyon baya suna cewa za ta daidaita kogi duk shekara, ta ba Sudan damar shan kasonta na biliyan 18.5 da yarjejeniyarta da Masar ta 1959 ta ba ta, ta kuma kawo wuta mai araha. Da muka fito cin abinci Kawu ya tare ɗan majalisarmu da tambayar da ban ji kowa ya yi a zaure ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, idan kogi ya daina cika ya daina janyewa, ina mai jarfi zai shuka?" Jarfi ita ce ƙasar gaɓa da ambaliya ke rufewa da damina, ta janye ta bar laka mai taushi, talaka ya shuka wake da kuɓewa da masara ba injin ba taki. Da wannan laka kuma masu yin jan bulo suke ci. Kawu ya ce duk wanda ya rasa jarfi injin zai koma, mai injin kuwa ko dai mai ko wuta, saboda haka takardarmu da madatsar Habasha magana ɗaya ce. Ɗan majalisar ya ce a ƙara wannan a takarda, na kuwa ƙara shi da biro a ƙasan shafin, layi biyu.

A tsakiyar makon ne maganar dala ta mamaye komai. Kasafin ya ɗaga farashin dala na gwamnati, har da wanda kwastan ke lissafin haraji da shi, daga ƙasa da fam 7 na Sudan zuwa fam 18, gwamnati kuma ta janye hannunta daga shigo da alkama ta bar wa 'yan kasuwa. Wasu 'yan majalisa, musamman masu zaman kansu, suka yi gargaɗin cewa wannan lamba ɗaya za ta cinye duk sauran lambobin da ke littafin. Na ji su, na rubuta, amma sai da saurayinmu ya raɗa mini cewa taransifoma da waya duk daga waje ake kawo su sannan na gane cewa da mu ake.

Ranar Lahadi 31 ga Disamba aka zartar da kasafin da dokokin da ke tare da shi, da rinjaye mai yawa. Kafin mu bar ginin dattijon kwamiti ya nuna mini rahoton sashensu, ya ɗora yatsa a kan wata shawara da ta nemi a ba jawo wuta zuwa gonakin ban-ruwa muhimmanci. Ba a ambaci ƙauyenmu ba, kuma ba ni da hujjar cewa takardarmu ce ta haife ta, domin ba mu kaɗai muka kawo irin wannan kuka ba. Ya ce in yi kwafinta in haɗa da lambar shigarwarmu, in kai wa ma'aikatar da abin ya shafa ta hannun jiha tun kafin tsakiyar shekara, domin tausiyar bana ita ce tsanin da ake takawa a nemi band na baɗi. Kawu ya yi masa godiya da addu'a, ya ba shi goro biyu daga aljihunsa, dattijon ya karɓa yana dariya ya ce ya san Hausawa ba su zuwa hannu sake.

Mun dawo gida ranar 2 ga Janairu. Cikin makon nan burodi ya tashi daga rabin fam zuwa fam guda, aka yi zanga-zanga a Sinnar da wasu garuruwa, kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a watan. Na tara manoma a ƙofar masallaci na karanta musu shawarar kwamiti da Larabci, na fassara, na kuma yi iya ƙoƙarina in bayyana musu bambancin band da tausiya, wani tsoho ya tambaye ni ko tausiyar tana tayar da injin, aka yi dariya. Washegari muka koma wajen ɗan kasuwar Sinnar da takardar farashinsa, ya dube ta ya nuna mana layin da ya rubuta a ƙasa, ya ce ba zai iya ba mu sabon farashi ba sai dala ta tsaya wuri ɗaya. Ba ta tsaya ba: a Fabrairu ta kai wajen fam 30, a Oktoba ta kai 47.5. Da bazara man dizal ya yi wuya har muna kwana a layin gidan mai da jarkoki, albasa tana bushewa a gona.

Duk da haka na bi shawarar dattijon. A watan Yuni na sake buga shafin nan ɗaya da sabon lissafi, na haɗa da kwafin tausiya, na shigar ta hannun jiha, aka ba ni wata lambar. Kasafin 2019 ya zo majalisa a daidai lokacin da zanga-zangar Disambar 2018 ta tashi daga Damazin da Atbara, ranar 11 ga Afrilu 2019 aka sauke Umar al-Bashir aka rushe majalisar, kasafin da ya biyo baya kuwa taron haɗin gwiwa na majalisar mulki da ta ministoci ne ya zartar da shi, babu benen baƙi. A Yuli 2020 Habasha ta fara tara ruwa a madatsarta. Guntayen takardun nan biyu masu lambar shigarwa na miƙa su ga wanda ya gaje ni a aikin magatakarda, tare da littafin da na cika da alƙaluma a Umdurman.